Zaren Masunta a Kwat ɗin 'Yan Kwana-kwana

Nasiru ne ya ja bakina yau. Ya kawo takalminsa da ya ɓalle a kan bensikin, wannan babur ɗin haya da ya cinye hankalin samarin Duwala, ya zauna yana karkaɗa kwalin ashanar da ke kan teburina, yana kallona ina ɗinki. Can ya juya ya ce wa abokansa, "Ashe dukanci huda ne da ja kawai. Ni ma in Baba Tanimu ya ba ni basilla, kafin la'asar na iya." Kuka kwashe da dariya, ku duka huɗun. To, ku kashe mashinan nan ku gyara zama a benci, fasinja ba za su ƙare a unguwar nan ta New Bell ba. Tun da kun taɓo ni, sai kun ji.

A wannan rumfar na koyi aiki, a hannun ƙanin mahaifiyata, Kawu Ilu. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa basilla ba. Aikina murza zare a cinya. In ɗauko zaren auduga sili huɗu, in haɗa, in murza, in goga masa kakin zuma, in rataye. Cinyata ta dama har yau ba gashi a wurin. Ranar da ya fara ba ni fata, kuben wuƙa ne na wani mahauci. Na ɗinke, na kai masa ina washe baki. Ya ɗaga, ya duba ta hasken ƙofa, ya ɗauki aska ya bi ɗinkin ya farke shi tas, ya miƙo min. Sau biyar na ɗinka kuben nan. A na shida ne ya ce, "Huda takwas a tsawon yatsa, Tanimu, ba bakwai ba, ba tara ba. Ka ƙirga da hannu, ido maƙaryaci ne." Kayan aikin da ya bar min su ne kuke gani: basilla uku, aska, dutsen wasi, gudumar itace, da wannan katakon da nake matse fata tsakanin gwiwoyi. Ba su da yawa, kuma babu wanda na sayo sabo a cikinsu.

Aikin farko da 'yan kwana-kwana suka kawo mana maɗaurin haɓa ne na hular kwano. Wata Juma'a ce bayan an sauko, sai ga wani dogon Bafulatani ɗan Garwa da hula a hammata tana walƙiya. Buba sunansa, a lokacin kofur ne, daga baya ya zama saje, kuma Saje ɗin ne ya bi shi har ya bar aiki. Wallahi layin nan kaf sai da ya taso. Masu goro suka bar faifansu, teloli suka bar keke, kowa na so ya taɓa hular pompiye, kamar yadda ake kiransu a nan. Ni kuwa da na karɓa na ga fuskata a jiki, hanci ya baje, sai na ji kamar an naɗa ni wani abu. Kawu bai ko kalli ƙyallin ba. Ya juya hular, ya shinshina cikinta, ya ce, "Samari, in kun shiga, zafin yana kai ina?"

Buba ya ce, "Kawu, kunne ne ke fara gaya maka. In ka ji kunnenka kamar ana soya shi, to ka ja baya."

Kawu ya gyaɗa kai, ya ƙara wa maɗaurin wani ɗan harshe na fata mai laushi ta wajen kunne. Bayan sati biyu Buba ya dawo da huluna biyar.

Daga hula aka koma safar hannu, daga nan ɗamara, daga nan babban kaya, wato kwat ɗin fata. Ku da kuka saba ganin 'yan kwana-kwanan yanzu da riguna masu ratsin rawaya, ba ku san wancan ba. Baƙin ƙirgi ne, ya sauko har cinya, nauyinsa ya kai na ɗan akuya. Kuma babu abin da aka yi a jikinsa don ado. Ɗinkin kafaɗa dole na sama ya hau kan na ƙasa kamar kwanon rufi, don ruwan zafi da ke zubowa daga sama ya gangare, kada ya sami hanya. Maɓallai a ɓoye suke ƙarƙashin marfi, saboda ƙarfe in ya ɗau zafi ya fi wutar mugunta. Aljihu ba a barinsa buɗe, garwashi ɗaya ya faɗa ciki an shiga uku. Hannun kwat sai ya rufe bakin safar hannu da faɗin yatsa uku, ko da mutum ya miƙa hannu sama yana saran rufi da gatari. Na taɓa rage yatsa ɗaya don fatar ta ishe ni, Kawu ya sa na sa kwat ɗin na tsaya da hannu a sama a bakin titi, yara suna min dariya, har sai da na ga wuyan hannuna a fili da idona. Ita kuwa ɗamara, mai faɗi ce, da zoben ƙarfe a baya. A zoben nan ake ɗaura igiya in mutum zai shiga hayaƙin da ba ya ganin ko tafin hannunsa. Na waje su riƙe, shi kuma ya bi ta ya fito. Ku riƙe maganar zoben nan, za mu dawo kanta.

Akwai kwat ɗin da ya fara koya min cewa fatar wuta daban take da fatar takalmi. Na Saje ne da kansa, ya bushe ya yi ƙamas. Kawu ya je jana'iza Bonaberi, ni kaɗai ne a rumfa. Na ce bari in nuna gwaninta. Na ɗauko man kaɗanya na dinga lafta masa, ina murzawa, har ya yi laushi yana sheƙi kamar goshin amarya. Kwana uku sai ga Saje, tun daga bakin layi muke jin ƙauri. Ya ajiye kwat ɗin a gabana ya ce, "Baduku, ni ɗan kwana-kwana ne ko tsire? Jiya karnukan unguwar Nkololun har bariki suka raka ni." Rumfa ta ɗauki dariya, har Kawu sai da ya rufe baki da hannun riga. Ashe mai in ya yi yawa a fata, da ta ji wuta sai ta fara hayaƙi tana soyuwa. Ɗan kaɗan ake shafawa a tsumma, a goge, a shanya a inuwa, don rana ma tana ƙanƙance ta. Wannan kuskuren dariya aka yi masa aka wuce, ni ma na yi dariyar.

Sai shekarun nan suka zo da 'yan gari ke kira kiris. Iyayenku sun ba ku labari. An yanke albashi, kamfanoni sun rufe, mutumin da jiya yake da ofis yau yana tura amalanke a kasuwa. Ko'ina ka duba a bakin titi kwalabe ne da manyan tuluna na zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, ana ajiye shi har a ƙarƙashin gado. Gobara ta yawaita, sabon kaya kuma ya daina zuwa wa su Saje. Suka buɗe sito suka kwaso tsofaffin kwat-kwat da aka yi watsi da su, duk sun yi fumfuna. Daga matattu uku ake fitar da rayayye ɗaya: hannun wannan, bayan wancan, wuyan na ukun. Ba zan ɓoye muku ba, ni murna nake yi. Gari na kuka, ni aiki ya yi min yawa, kuma aikin da nake so. Motarsu ja in ta wuce da jiniya sai in tashi tsaye in ce wa maƙwabta, "Kun ga na biyun nan da ke maƙale a baya? Wuyan kwat ɗinsa hannuna ne." A cikin shekarun nan Allah ya yi wa Kawu rasuwa, rumfa ta zama tawa.

Zaren auduga mai kyau ya ɓace a kasuwa. Wanda ake samu ruɓaɓɓe ne, kuma kun san ruwan Duwala, ba ya barin komai. Wata shida ɗinki ya fara saki. Sai wani baduku a layinmu ya je Yupwe wajen masunta ya dawo da ƙunshin zaren nilon, baƙi, irin wanda suke ɗinke taru da shi. Jama'a, ranar kamar an sauko mana da shi daga sama. Na naɗa shi a hannu na ja da ƙarfina, bai tsinke ba, yatsana ya yanka. Ba ya ruɓewa, ba ya fumfuna, ba ya son kaki, ba sai ka murza a cinya ba. Kafin wata ya ƙare duk dukawan New Bell mun koma kansa. Abu ɗaya ne da shi, santsi, ƙulli ba ya zama. Maganin kuwa mai sauƙi ne. In ka gama ɗinki sai ka ƙyasta ashana ka kai bakin zaren, ya narke ya yi ɗan ƙwallo, ka danne da babban yatsa. Haka na yi wa takalminka ɗazu, Nasiru, kana kallo. A rana ina yi sau hamsin, sau sittin. Da idona nake ganin ashana guda tana narkar da shi, kullum ta Allah, amma kaina bai taɓa kai maganar wajen kwat ba. A wurina hanyar gama ɗinki ce kawai.

Kwat shida da ɗamara shida Saje ya kawo a wannan karon. Akwai na bakwai, tsohon aikin Kawu, gefensa ya yage, aljihu ɗaya ya ƙone. Shi na ce a bar min a rataye in dinga duba fasali. Sati uku na yi a kan shidan nan, kuma har yau ban yi ɗinkin da ya kai su kyau ba. Huda takwas a tsawon yatsa, layi kamar an ja da igiya, tun daga fata har shafin ciki. Zoben ɗamara ma na ninka masa ɗinki sau biyu. Ranar Alhamis Saje ya zo karɓa tare da wani matashin ma'aikacinsa ɗan asalin Duwala, Ekwalla, mai faɗin ƙirji da yawan barkwanci. Magida yake kirana, kamar yadda mutanen kudu ke kiran kowane ɗan arewa. Ya sa nasa, ya buɗe hannuwa, ya juya a tsakiyar layi mata suna masa guɗa. Na bugi ƙirji na ce, "Saje, wannan ɗinkin jikanka ma sai ya gada." Ban gaya masa na canja zare ba. Ba ɓoyewa na yi ba, gani nake alheri na yi musu wanda bai kai a faɗa ba.

Ranar Asabar, gab da azahar, ina ƙarasa wani silifa na mata. Sai jiniya. Sai mutane a guje suna cewa layin masu katifa ya kama, can bayan kasuwa, inda wani ya ɓoye tulunan zuwa-zuwa a cikin shago. Na ɗaga kai na hango hayaƙi baƙi ƙirin ya tokare sama. Na ce Allah ya kiyaye, har da ɗan jin daɗina wai yau sabon aikina zai ga wuta. Na ƙyasta ashana na kai bakin zaren. Hankalina na kan hayaƙi, na daɗe ban janye ba, sai ɗigo ɗaya ya faɗo min a bayan hannu, ya manne, yana ci. Na tsaya ina kallonsa. Ashana guda ce ta yi wannan. Mutum shida kuma suna can za su shiga wutar katifa da fetur, da zaren nan a kafaɗa, a ƙirji, a baya. Tsoron da ya kama ni a lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Na fizgo kwat ɗin Kawu daga ƙusa, na cusa ashana a aljihu, na ruga. Ban rufe rumfa ba. Na bi ta lungun masallaci, na tsallake kwata a kan katako, katakon ya juye, takalmina ɗaya ya tafi, na yar da ɗayan. Baduku guda ba takalmi a tsakiyar New Bell, da kwat a ka, yana ihu a ba shi hanya. Mutane na fitowa da kaya, wannan da keken ɗinki, wancan da akwati, ni ina kutsawa ta inda suke gudu. A bakin layin wani ɗan sanda ya tare ni da kulki.

"Dégage! Ina za ka?"

Faransancina na kasuwa ne, amma ranar ya yi min rana. Na ɗaga kwat ɗin sama na ce, "Matériel! Matériel pompier!" Ya kauce.

Ban taɓa ganin gobara kusa haka ba, duk shekarun da na yi ina ɗinka kayanta. Ƙara gare ta kamar jirgin ƙasa. Kwanon rufi yana lanƙwashewa, kwalabe suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, soso yana narkewa yana gudu a ƙasa da wuta a kansa. Jama'a a baya suna zagi, wai kullum sai an gama ƙonewa suke zuwa. Mutum huɗu na riƙe da tiyo biyu, ɗaya daga cikinsu da igiya a naɗe a hannu, igiyar ta miƙe ta shige wani siririn lungu tsakanin shaguna. Saje na tsaye yana ba da umarni. Na kama hannunsa.

"Saje! Zaren! Zaren da na yi ɗinkin!"

Ya fizge. "Baduku, ka haukace? Fita nan!"

"Waye a ciki?"

"Ekwalla. Akwai tsoho gurgu mai ɗinka rigar katifa a shagon ƙarshe. Ka fita, na ce!"

Na ga magana ba za ta yi ba. Na damƙe bakin hannun kwat ɗinsa, na ƙyasta ashana, na kai kan ɗinkin. Zaren ya nannaɗe ya gudu, ɗinkin ya buɗe kamar ɓawon wake. Saje ya kalli hannun, ya kalle ni. Bai zage ni ba, babu lokaci. Ya juya ya daka tsawa, "Tirez! Ku ja igiya! Ku jawo shi!"

Suka ja. Igiyar ta taho da sauƙi, sauƙin da ya yi yawa. Ta fito daga hayaƙi tana jan ƙasa, a ƙarshenta zoben ƙarfe ne kawai yana ƙara a kan siminti, babu ɗamara, babu mutum. Na gane zoben, ni na ninka masa ɗinki sau biyu. Ekwalla yana ciki a duhu, ba abin da zai bi ya fito.

Kafin in buɗe baki Saje ya tuɓe nasa kwat ɗin ya yar, ya zura na Kawu. Ya ɗaura igiyar a ƙugunsa da ƙulli, ya sa huɗun nan su ja baya taku uku, tiyo ɗaya ya koma jiƙa su. Aka sheƙa masa ruwa daga kai har ƙafa, ya ja abin numfashi ya rufe fuska, ya durƙusa ya shige da rarrafe. Aka miƙo min wutsiyar igiya, ban san wa ya miƙo ba, na riƙe tare da su. Ina jin motsinsa a tafin hannuna. Ta tafi, ta tsaya, ta ƙara tafiya. Zagin jama'a ya mutu, sai salati, Musulmi da Kirista kowa da nasa. Wani rufi ya rufta a hagu, tartsatsi ya tashi, na ce shi ke nan. Sai igiya ta girgiza sau uku, alamar a ja ke nan.

"Tirez! A hankali!"

Muka ja. Wannan karon da nauyi, Allahu Akbar, da nauyi! Na ja har fatar hannuna ta saluɓe ban sani ba. Hular Saje ce ta fara fitowa. Hannunsa ɗaya na riƙe da wuyan kwat ɗin Ekwalla, shi kuma Ekwalla yana rarrafe da tsohon a bayansa, ya ƙi sakinsa. Ku ji ihu! Waɗanda ke zagi ɗazu su ne ke tsalle suna tafi, mata na guɗa, wani ya cire hularsa ya jefa sama. Ni ban yi ihu ba, kwat nake kallo. Hannun dama na Ekwalla ya ɓalle daga kafaɗa ya zame har gwiwar hannu, bayan ya buɗe, daga shi sai singileti a ciki saboda zafin garin nan. Na Kawu kuwa yana tururi, ya ƙara baƙi, amma ko huda ɗaya ba ta saki ba. Aka ɗauki Ekwalla da tsohon aka yi asibiti da su, dukansu da rai.

Washegari da hantsi jar motar ta tsaya a bakin layin nan, ba jiniya. Saje ya sa aka sauke duk abin da hannuna ya taɓa tun rasuwar Kawu, kwat, ɗamara, safar hannu, maɗaurin haɓa, aka zube a gaban rumfa. Na tsaya ina jiran ya ce in shiga mota. Kalma ɗaya ya faɗa.

"Warware."

Na ce, "Saje, zaren auduga babu a gari."

Ya koma mota ya jawo wani mataccen tiyo na tamfol, irin na da, ya jefo. "Wannan ya yi shekara ashirin yana shiga wuta. Zare shi."

Ban kira kowa ba, amma dukawan layin nan kaf suka rufe rumfunansu suka zo da basillarsu, don kowa ya san da a ce shi aka kai wa aikin, da zaren da zai sa ke nan. Muka farke tiyon muka dinga zare silin. Tsofaffin unguwa da suka ji labari suka fito da mazarinsu da suka manta a ƙasan adaka, suka farke matasan kai suka kaɗa mana auduga. Na koma murza zare a cinya kamar ranar da na fara. Saje ya ja kujera ya zauna da ashana a hannu. Duk zaren da za a sa a basilla sai an miƙa masa ya ƙona bakinsa. In ya ci ya zama toka, ya ce a ɗinka. In ya narke ya yi ƙwallo, ya jefa a kwata. Kwana huɗu muka yi, daga asuba zuwa magariba. Tun daga lokacin ban ƙara sa zare a kayan wuta ba sai na ƙona shi a gaban mai kayan.

Kwat ɗaya ne bai zo ba, na Ekwalla. Sati shida ina kallon bakin layi. Duk mai faɗin ƙirjin da ya ɓullo sai gabana ya faɗi. Na shirya wa mari, na shirya wa kotu, kuma da ya yi ɗaya daga ciki ba zan ce ya zalunce ni ba. Ranar da ya zo ya rame, kwat ɗin a naɗe a hammata. Ya tsaya daidai inda kake zaune, Nasiru. Ya ɓalle maɓallan rigarsa ya zame ta daga kafaɗar dama, ya juyo min da ita.

"Magida, compte. Ƙirga."

Ƙunar ta warke ta bar tabo mai faɗi. Amma a saman tabon, daga gindin wuya zuwa kan kafaɗa, ga wasu ɗigo-ɗigo a jere, inda zaren ya narke ya shiga nama. Na ɗora yatsana kamar yadda Kawu ya koya min. Takwas a tsawon yatsa. Na ƙirga su duka, talatin da ɗaya, ba wanda ya kauce daga layi. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Likita ta tambaya wane ne ya yi. Ta ce ya fi nata miƙe." Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya warware kwat ɗin ya shimfiɗa a teburin nan, hannun daban, jikin daban.

Na ce, "Ekwalla, ka kai wa wani. Akwai waɗanda suka fi ni."

"Non. Wani bai ga igiya ta fito babu ni ba. Kai ka gani. Ɗinka, ni zan sa." Ya laluba aljihun wandonsa ya fito da sabon kwalin ashana ya ajiye kusa da basilla. "Amma ni zan ƙona zare."

Na ɗinka, yana zaune yana ƙona min sili ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yi a cikin kwat ɗin nan kafin sabbin rigunan su zo. Yanzu ya yi ritaya, yana Logbaba yana kiwon kaji, ya yi furfura. Duk ƙarshen wata yana hawo bensikin ya zo gaishe ni, wataƙila ma ɗayanku ya taɓa ɗauko shi. Bai taɓa shan taba ba a rayuwarsa, amma kafin ya zauna sai ya zaro kwalin ashana ya ajiye a kan teburin nan.

Ga takalminka, Nasiru. Da nilon na ɗinka, kuma daidai ne, ruwa zai shiga ba wuta ba. In har yanzu kana son basillar, ka zo gobe bayan asuba da gajeren wando, cinya za mu fara. Kwalin nan kuma da kake ta karkaɗawa tun ɗazu, na Ekwalla ne. Ajiye min shi inda ka ɗauka.